Lokar Da Ke Bisa Kanmu: Waiwaye Kan Jakar Hannu A Jirgin Sama

A wata tafiya da na yi daga Kano zuwa Legas, na riga na zauna na ɗaura bel sai ga wata dattijuwa ta shigo a ƙarshen layi, tana ɗingishi, tana jan ɗan ƙaramin akwatinta. Ta tsaya daidai kujerar da aka rubuta mata, ta ɗaga kai ta dubi lokar da ke sama, ta same ta cike maƙil. Ta gaba haka, ta baya ma haka. Ma'aikaciyar jirgin ta matso cikin ladabi ta ce, "Hajiya, kawo a sa masa lamba a kai shi ƙasa, kya karɓa in mun sauka." Tsohuwa ta ƙara damƙe hannun akwatin. "A'a 'yar nan, maganina ne a ciki, na hawan jini da na suga. Ba na rabuwa da shi." Layi ya tsaya cak, na baya suka fara tsaki. Can sai wani saurayi da ke gefena ya miƙe, ya zaro jakar goyonsa da wata jibgegiyar rigar sanyi daga lokar, ya cusa su ƙarƙashin kujerar gabansa, ya ce, "Kawo nan, Mama." Har jirgi ya fara gungurawa tana sa masa albarka.

Ran nan abin ya ƙare da addu'a, amma ba kullum ake dacewa haka ba. Duk wanda ya saba hawa jirgi ya ga harara a kan wannan loka, ya ji baƙar magana, wataƙila ma ya ga manyan mutane suna cacar baki a kan wurin da bai fi kamu ɗaya ba. Sai ka ji ana cewa tarbiyya ce ta yi wa mutanen yanzu ƙaranci. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai an ɗauko labarin daga tsakiya. Tun asali ba don akwati aka yi wurin ba, kuma cunkoson da ke cikinsa yau gina shi aka yi sannu a hankali, da shawarwarin da aka riƙa yankewa a ofisoshin kamfanoni da na gwamnatoci, yawanci a Amurka da Turai, tsawon shekara kusan 100. Su ne suka taru suka tare wa wannan tsohuwa wuri.

Lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, babu mai maganar jakar hannu. Jirgin wancan zamani ƙarfinsa kaɗan ne, kowane kilo sai an lissafa shi. Kamfanin Imperial Airways, wanda ya buɗe hanyar Hartum zuwa Kano a 1936, ta Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri, kilo 100 yake yanka wa fasinja, shi da kayansa gaba ɗaya. Mutum ya hau sikeli a gaban akawu, a rubuta nauyinsa, abin da ya rage shi ne rabon akwati. Mai kilo 75 yana da kilo 25 na kaya. Wanda ya fi haka jiki kuwa, ko ya rage kaya ko ya ƙara kuɗi.

A cikin jirgin, abin da ke bisa kan fasinja raga ce irin ta taragon jirgin ƙasa. Daga baya ta koma kanta buɗaɗɗiya marar murfi, kamar wadda ke cikin jirgin DC-3 mai kujeru 21 da ya fara ɗaukar fasinja a 1936. Sunan da masu jirgin suka ba ta ma kantar malafa, don abin da ake ɗorawa ke nan: malafa, kwat, bargo, matashin kai. Abu mai nauyi haramun ne a kanta, dalilin kuwa a fili yake. Jiragen lokacin ƙasa-ƙasa suke tafiya, cikin gajimare da iska, girgiza ɗaya ta isa ta jefo abu a kan mutum. Akwati na ƙasan jirgi ne, kuma kuɗinsa na cikin tikiti. Bayan an kafa ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, a Habana a 1945, aka zo aka zauna a kan kilo 20 ga mai ƙaramar kujera, kilo 30 ga mai babba. Manyan kamfanoni irin su Pan Am da BOAC sukan ba fasinjojinsu 'yar jakar kafaɗa mai ɗauke da tambarinsu. Ita ce jakar hannun wancan zamani, kuma abin da take ci bai wuce littafi da tabarau da kayan aski ba. Ko Boeing 707, da ya buɗe zamanin jet ga Pan Am a 1958, da wannan buɗaɗɗiyar kanta ya fito.

Murfi ya zo ne da Boeing 747, wanda ya fara jigila tsakanin Niyok da Landan a Janairun 1970 da kujeru sama da 350. Loka rufaffiya aka yi masa, mai sakata. Kamfanoni suka ga tsarin ya burge jama'a, suka bi tsofaffin jiragensu irin su 707 da 727 suna yi musu kwaskwarima iri ɗaya. Da zarar an sa murfin da ba ya buɗewa da kansa, hujjar hana abu mai nauyi ta faɗi. Duk da haka babu rigima a lokacin, saboda tikiti da tsada, kuma a Amurka kusan rabin kujerun jirgi babu kowa a kansu yake tashi. Wuri ya ishi kowa har da rara.

Saura abu ɗaya: akwati da nauyi, kuma babu mai son ya yi dakonsa tun daga ƙofar filin jirgi har kujera. A 1970 wani mai sana'ar akwatuna a Amurka, Bernard Sadow, yana dawowa daga hutu da iyalinsa yana fama da manyan akwatuna biyu, ya ga wani ma'aikaci yana tura ƙatuwar na'ura a kan katako mai taya ba tare da ya yi gumi ba. Ya koma gida ya sa wa akwati taya huɗu da igiyar ja, ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1972. Da farko kantuna sun ƙi karɓa, wai namiji ba zai yarda a gan shi yana jan akwati ba. Akwatin Sadow ma yana da aibi, yakan kife a kan hanya. Wanda ya kammala aikin matuƙin jirgi ne na kamfanin Northwest, Robert Plath. A 1987 ya tsai da akwati a tsaye, ya sa masa taya biyu da hannun ƙarfe mai shiga da fita, ya kuma yanka shi daidai yadda zai bi ta tsakanin kujeru ya shiga loka. Abokan aikinsa ya fara sayar wa. Fasinjoji suka riƙa ganin matuƙa da ma'aikata suna wucewa tsaf-tsaf da shi, suka fara tambayar inda ake samu. Haka kamfanin Travelpro ya kafu, kuma cikin 'yan shekaru siffar matafiyi ta canza a duniya baki ɗaya.

Tsakanin Sadow da Plath wani babban abu ya faru. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta cire hannun gwamnatin Amurka daga tsai da kuɗin tikiti da rabon hanyoyi. Farashi ya karye, talaka ya shigo jirgi. Kamfanoni suka koma tara fasinja a manyan cibiyoyi suna sauya musu jirgi, kuma duk inda aka sauya jirgi, nan akwati ya fi ɓacewa ko ya makara. Ɗan kasuwar da zai kwana ɗaya ya dawo ya gane cewa in ya riƙe kayansa a hannu, ya huta da tsayuwa a bakin bel ɗin karɓar kaya, ya huta da fargaba. A cikin sababbin kamfanonin da suka ɓullo akwai People Express, wanda ya fara aiki a 1981, yana karɓar dala 3 a kan kowane akwati da aka ba shi ajiya. Bai yi tsawon rai ba, a 1987 aka haɗiye shi. Amma dabarar ba ta mutu tare da shi ba, kwanciya ta yi tana jiran lokacinta.

Waɗanda suka fara kuka su ne ma'aikatan cikin jirgi, don su ke ganin abin da ake shigowa da shi, su kaya ke faɗo wa, su ke ciwon baya. A 1987 hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta fito da doka cewa kowane kamfani ya tsara ƙa'idar kayan hannu ya kawo ta amince. Sai dai ba ta tsai da awo ɗaya ba, ta bar wa kowa ya yanka nasa. A ganina tushen ruɗanin da muke ciki har yau ke nan, inda akwatin da ya shiga jirgin safe lafiya lau zai zama mai laifi a jirgin yamma. Abin ya kai har kamfanoni biyu suka gurfana gaban alƙali. A filin jirgi na Dulles kusa da Washintan, United ya sa aka ɗora wani allo mai taga a bakin na'urar haska kaya, duk jakar da ba ta shige ta tagar ba sai a mai da ita awo. Continental, wanda ya kashe kuɗi ya faɗaɗa lokokinsa don jawo fasinja, ya ce an tauye masa kasuwa, ya kai ƙara. Tun a lokacin, wato, kamfanoni sun riga sun gane cewa wurin nan na sama haja ce.

Ta ɗaya ɓangaren kuma tsaro yana ta matse abin da ke cikin jakar. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jiragen Amurka sama da 130, abin da ya sa daga Janairun 1973 aka wajabta binciken kowane fasinja da kayan hannunsa. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wuƙa da aska da makamantansu suka fita daga jakar hannu, aka kuma taƙaita fasinja a kan jaka ɗaya da ƙaramin abu ɗaya. Sai 10 ga Agusta, 2006, ranar da 'yan sandan Ingila suka kama mutum fiye da 20 da zargin shirin tarwatsa jiragen da ke zuwa Amurka da Kanada da ruwan bam da aka ɓoye a gorar lemo. Na wasu kwanaki an hana jakar hannu kwata-kwata a filayen jirgin Ingila. Fasfo da tikiti da walat da magani kawai, cikin farar leda. Da ƙura ta lafa aka fito da dokar da muka sani: kowane abu mai ruwa kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda ɗaya mai cin lita 1.

Wannan doka ta taɓa mu kai tsaye. Kwalbar turare da aka tsaya aka zaɓa a kasuwar Makka ko Dubai, zumar da uwa ta ɗura wa ɗanta mai komawa karatu, man shanu, duk an sha barinsu a kan teburin masu bincike ana ji ana gani. Babu wanda ya ji abin kamar alhazai. Ruwan zamzam, tsarabar da ta fi kowace daraja, ba ya shiga jakar hannu, kuma hukumomin Saudiyya sun hana cusa shi cikin akwatin awo. Shi ya sa aka koma tsarin lita 5 a rufe a kwali, wanda hukumar alhazai ta Najeriya kan yi jigilarsa daban a raba wa kowa bayan ya sauka. Shekara da shekaru alhajin Najeriya ya san lissafinsa: babbar jaka kilo 32, ƙarama kilo 8. Duk wanda ya taɓa zama a masauki ranar awon kaya ya san yadda waɗannan kilo 8 suke zama abin shawara tsakanin mutum da zuciyarsa: dabino ko dadduma, jallabiyar Baba ko carbin maƙwabta. Ba kwaɗayi ne ke cika jakar alhaji ba, mutanen da ke jiransa a gida ne, kuma kowa yana da haƙƙi a kansa.

Sai 2008 ta zo, wadda ita ce mararrabar labarin nan gaba ɗaya. Kamfanonin rahusa na Turai, Flybe da Ryanair, sun fara karɓar kuɗin akwati tun 2006, amma ana ganin halin masu tikitin arha ne. Da ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo, har ganga ta kai dala 147 a watan Yuli, manya suka bi sahu. Tun a watan Mayu American Airlines ya ba da sanarwar dala 15 a kan akwati na farko, kuma kafin shekara ta fita kusan duk manyan kamfanonin Amurka sun yi haka. Tsadar mai aka ba jama'a hujja. A Disambar wannan shekara ganga ta faɗo ƙasa da dala 40, amma kuɗin akwati bai sauko ba, hawa ma ya ci gaba da yi. A 2007 kamfanonin Amurka sun tara dala miliyan 464 daga kuɗin kaya. A 2010 sun tara biliyan 3.4, a 2023 kuwa sama da biliyan 7. Akwai kuma wani zaƙin da ba a cika faɗa wa fasinja ba: tikitin cikin gida a Amurka yana da harajin kashi 7.5 cikin 100, kuɗin akwati ba shi da shi. Duk dalar da aka cire daga tikiti aka mai da ita kan akwati, ta tsira daga haraji. Southwest ne ya daɗe yana riƙe da alƙawarin akwati biyu kyauta, shi ma ya saki ran 28 ga Mayu, 2025.

To me ake so fasinja ya yi? An ce masa ƙasa da kuɗi, sama kyauta. Ga kuma tsoron ɓata, wanda ba na banza ba ne, don a 2007 kaɗai akwati kusan miliyan 47 ne suka ɓace ko suka makara ko suka lalace a hannun kamfanoni a faɗin duniya. Sai kowa ya sayi akwati mai taya daidai iyakar awo, ya danna masa kaya har zik ya ƙi rufuwa. A daidai wannan lokaci kamfanoni suna ƙara layukan kujeru a cikin jirgi, jiragen kuma suna tashi da sama da kashi 80 cikin 100 na kujerunsu a cike. Kujeru sun ƙaru, mutane sun ƙaru, jaka ta yi ƙiba, amma tsawon jirgi yana nan yadda yake. Ryanair da kansa ya taɓa rubutawa a ƙa'idojinsa cewa manyan jakunkunan hannu 90 kacal lokokin jirginsa ke iya ɗauka. Jirgin kuwa kujeru 189 gare shi. Tun kafin a buɗe ƙofa an san fiye da rabin mutanen ba za su sami wuri ba.

Da ƙaranci ya tabbata, sai aka sa masa farashi. A Agustan 2010 kamfanin Spirit ya fara karɓar kuɗin jakar da za a ɗora a loka, har dala 45 ga wanda ya bari sai a bakin ƙofa. A 2017 United ya fito da tikiti mafi arha wanda mai shi ba shi da izinin shigowa da cikakken akwatin hannu. A Nuwamban 2018 Ryanair ya ce 'yar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera ce kawai kyauta. Har waɗanda ba su karɓar kuɗin loka kai tsaye suna sayar da ita ta bayan gida, wato ta hanyar sayar da damar riga shiga. Kujerar mutum tana nan tana jiransa ko da shi ne na ƙarshe, don haka babu abin da mai biyan kuɗin riga shiga yake saya in ba loka ba. Shi ya sa za ka ga mutane sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa tun ba a kira rukuninsu ba. A tashoshin motarmu ma kuɗin kaya daban yake, kowa ya sani, za a yi ciniki da ɗan kamasho a fili kafin a ɗaure buhu. Amma ban taɓa ganin inda aka ce wa mutum ya biya kuɗin jakar da ya ɗora a cinyarsa ba. Akwai kayan da suke ɓangare ne na matafiyin kansa, kuma raba su da tikiti don a nuna farashi ya yi arha yaudara ce.

Kotun Tarayyar Turai ta faɗi kusan haka a 2014, a shari'ar da ta shafi kamfanin Vueling: jakar hannu mai matsakaicin girma da nauyi larura ce ta tafiya, bai kamata a ɗora mata ƙarin kuɗi ba. Kalmar matsakaici ce ta zama ƙofar da kowa ya bi ya fice. A Yunin 2015 IATA ta kawo shawarar awo ɗaya, santimita 55 da 35 da 20, amma da yake ya fi na Amurka ƙanƙanta sai ca ya yi yawa, ta janye cikin kwanaki kaɗan. A Nuwamban 2024 gwamnatin Sifen ta ci tarar kamfanonin rahusa biyar Yuro miliyan 179, kuma kuɗin jakar hannu na cikin laifuffukan da ta lissafa. A Yunin 2025 kwamitin sufuri na Majalisar Turai ya goyi bayan a ba kowa ƙaramin abu ɗaya da jakar kilo 7 kyauta. Kamfanonin suna ja, suna cewa hakan zai ɗaga tikitin wanda ba ya ɗauke da komai. Masu ƙera jirage su ma sun yi nasu ƙoƙarin. A 2015 Boeing ya fito da loka mai zurfi wadda ke cin akwati 6 a inda da 4 ke shiga, da sharaɗin a jera su a kan gefensu kamar littattafai a kanta. Airbus ma ya yi irin tasa. Sai dai sau da yawa za ka ga an kwantar da akwati a cikin irin wannan loka, ya cinye wurin mutum biyu, don babu wanda ya nuna wa mai shi.

Duk wannan bai wanke fasinja ba. An jefa mu cikin matsi, gaskiya ne, amma a cikin matsi ake gane mai kunya. Babu inda tikiti ya ce lokar da ke saman kujerarka taka ce. Kamar sahun masallaci take: wanda ya riga zuwa ya sami wuri, amma ba a shimfiɗa dadduma uku don mutum ɗaya. Mai jaka biyu ya ɗora babbar, ƙaramar ta shiga ƙarƙashin kujerar gabansa, ko da ƙafarsa za ta ɗan takura. Rigar sanyi da babbar riga da ledar tsaraba su jira sai akwatuna sun gama shiga, sannan a nema musu gurbi a kai. Wanda kujerarsa ke can baya kada ya sauke kayansa a lokar layin gaba don ya huta da ɗauka, domin wanda ya tare wa wuri dole ya kai nasa baya, in an sauka kuma sai ya yi ta kutsawa yana saɓa wa jama'a. Jakar wani ba a murɗa ta ko a danne ta sai an tambaya, mai yiwuwa kwamfuta ce a ciki ko gilashi ko magani. Akwatin da mai lafiya ba zai iya ɗagawa sama da kansa ba, wurinsa ƙasan jirgi. Tsoho da mai ciki da mai goyo da marar lafiya kuwa, a wurinmu ba sai an roƙa ba, wanda ya fi kusa shi ke miƙewa.

Ma'aikatan jirgi ma suna da haƙƙi a kanmu. A kamfanoni da yawa ɗaga akwatin fasinja ba ya cikin aikinsu, saboda raunin kafaɗa da baya. A Amurka ma, shekara da shekaru, lissafin albashinsu na awa ba ya farawa sai an rufe ƙofar jirgi, wato lokacin da ya fi kowane wahala, na jera kaya da raba gardama, ba a biyansu kuɗin awa a kansa. Sai a 2022 Delta ya fara biyan rabin kuɗin awa na wannan lokaci. Yarinyar da ta ce maka loka ta cika ba ita ta ƙara kujeru ba, ba ita ta sa kuɗin akwati ba.

Akwai kuma abin da ya fi ladabi nauyi, shi ne rai. Batirin waya da na kwamfuta da fawa bank sukan yi zafi su kama da wuta, shi ya sa doka ta hana sa batirin da ba ya jikin na'ura a akwatin awo. A cikin jirgi ake son sa, inda ido zai ga hayaƙi da wuri. Ran 28 ga Janairu, 2025, jirgin Air Busan yana shirin tashi zuwa Hong Kong daga filin Gimhae a Koriya ta Kudu, wuta ta tashi daga wata loka ta baya. Mutum 176 da ke ciki sun tsira, jirgin ya ƙone, masu bincike kuma suka nuna fawa bank a matsayin abin da ake zargi. Daga 1 ga Maris Koriya ta Kudu ta hana ajiye shi a loka, sai a aljihu ko a gaban kujera. Mu da wutar lantarki ba ta zama a garuruwanmu, kusan kowa da nasa yake tafiya. In aka karɓi jakarka a bakin ƙofa za a kai ƙasa, fara zare shi tukuna.

Ana gwada sabon samfurin babban jirgi kafin a ba shi izini: a fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, ta rabin ƙofofinsa. A wannan gwaji babu mai tsayawa buɗe loka. Amma da hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta yi nazarin fitar gaggawa 46 a rahotonta na shekarar 2000, ta gano kusan rabin masu jakar hannu sun yi ƙoƙarin ɗaukar kayansu. Ran 3 ga Agusta, 2016, jirgin Emirates da ya taso daga Indiya ya faɗi a kan titin sauka a Dubai da mutum 300. Hoton bidiyon da aka ɗauka daga ciki ya nuna mutane suna buɗe loka suna jawo jakunkuna, ma'aikata suna ihu a bar kaya a fita. Allah ya sa duk sun fita kafin wuta ta cinye jirgin, amma ɗan kwana-kwana ɗaya ya rasa ransa. Ran 2 ga Janairu, 2024, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi na masu gadin teku a filin Haneda na Tokiyo, ya kama da wuta. Biyar daga cikin shida da ke ƙaramin jirgin sun mutu. A babban kuwa ƙofa 3 ce kawai cikin 8 ta yi amfani, duk da haka mutum 379 suka fita da ransu. Ma'aikata sun ce a bar kaya, mutanen kuma suka bari.

Na san abin da ke sa hannu ya miƙa sama a irin wannan lokaci. Fasfo ne, kuɗin guzuri ne, takardun makaranta ne, magani ne irin na Hajiyar nan ta jirgin Legas. Don haka, mai karatu, tun a ɗakin jira ka ware waɗannan. Fasfo da waya da kuɗi da maganin yini ɗaya su koma aljihu, ko 'yar jakar da ke rataye a jikinka, musamman lokacin tashi da lokacin sauka. In ka yi rakiyar dattijo ko mai zuwa aikin Hajji karo na farko, ka yi masa wannan tanadi da hannunka, ka kuma faɗa masa dalili. Ranar da aka ce a fita, ka bar lokar a rufe, ka kama hannun na kusa da kai ku nufi ƙofa.